Sharhi kan gyaran ƙafafun gaban Hilux a wani gareji a Suame

Shokokin KYB da na sa a ƙafafun gaban Hilux ɗina sun biya ni kuɗina, kuma ba ni da wani ƙorafi a kansu. Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne aikin da aka yi mini wajen ɗaura su da daidaita tayoyi a wani gareji da ke cikin Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, garejin da direbobi da yawa na Aboabo da Asawase suke yabo, wanda ni ma yabon nasu ne ya kai ni.

Motar ƙirar 2012 ce, kuma sana'ata sayen masara da doya a Ejura da ƙauyukan da ke kan hanyar Atebubu, don haka rabin rayuwarta a kan jar ƙasa da gargada take yi. Tsofaffin shokokin sun riga sun zubar da mai, gaban motar yana ta rawa bayan kowane rami. Da aka sa sababbin, tare da sababbin bushin, wato robobin da ke mahaɗar hannayen ƙasa masu riƙe tayoyi, da kawunan tayirod na sitiyari, bambancin ya fito tun kafin in wuce Tafo. A kan gargada mai tsawo, inda shoka ke yin zafi man cikinta ya yi kumfa ta daina riƙo, waɗannan masu gas ba su saki ba, tayoyi suna manne da ƙasa, sitiyari kuma ya daina dukan tafin hannuna. Na yi murna ƙwarai, har na fara ba abokan sana'a labari.

Sai dai tun a ranar farko na lura motar tana ja zuwa hagu. Idan na sassauta riƙon sitiyari a kan kwalta mai kyau, sai ta fara zamewa a hankali zuwa tsakiyar titi. Na kira garejin, aka ce mini sabon kaya ne, zai zauna da kansa. Bai zauna ba. A Ghana tun 1974 hannun dama muke bi, saboda haka motar da ke ja hagu tana kai mai ita ne kai tsaye gaban masu tahowa. Ina gangarowa daga tsaunin Mampong da lodin masara, a ɗaya daga cikin kwanonin nan masu murɗewa zuwa dama, na taɓa birki, gaban motar ya ƙi bin kwanar yadda na saba, ya fice layin da ba nawa ba, a daidai lokacin da wata babbar mota ke hawowa. Direbanta ya kauce har tayarsa ta sauka gefen kwalta, ni kuma na fizgo sitiyari da dukkan ƙarfina. Yaron motata da ke zaune a gefe bai iya cewa komai ba sai salati. Allah ne kawai Ya kiyaye.

Washegari na kai ta wani wurin da ke yin alaimen, wato daidaita tayoyi, da kwamfuta. Mai wurin ya daɗe yana kallon allon, sannan ya tambaye ni ko motar ta taɓa yin hatsari. Jinginar ƙafar dama zuwa baya, wato kasta, ta fi ta hagu nesa ba kusa ba. Kan tayar dama ya karkata ciki, na hagu ya karkata waje, bakin tayoyin biyu kuma a buɗe yake maimakon ya ɗan tsuke. A motar titi, bambancin da ake yarda da shi tsakanin ɓangarorin biyu ba ya wuce kusan rabin digiri. Mota tana ja ne zuwa ɓangaren da kasta ta fi ƙaranci, tana kuma ja zuwa ɓangaren da kan taya ya fi karkata waje, ni kuwa an haɗa mini duka biyun a hagu. Ya ce wannan bai yi kama da kuskure ba, domin kusoshin saiti da ke jikin hannayen ƙasa na wannan ƙirar an murɗa su ne da gangan, wasunsu har ƙarshe.

Da na koma garejin da takardar, saurayin da ya yi aikin bai musa ba, hasali ma fuskarsa cike take da alfahari. Ya zaro wayarsa mai fasasshen gilashi, ya goge hannunsa a wando, ya nuna mini bidiyon motocin tsere na Amurka suna zagaya filin yumɓu a karkace, ƙura na tashi. Ya ce, “Alhaji, ai ka ce a ƙasa kake yawan tafiya, shi ya sa na yi maka saitin masu tseren ƙasa, su ne suka fi kowa sanin yadda gaba ke kama hanya idan babu kwalta.” Na ce masa, “Ɗana, su waɗannan da kake gani, ka taɓa ganin ɗayansu ya yi kwana zuwa dama?” Ya yi shiru.

Gaskiyar magana ita ce yaron bai ƙirƙiri saitin ba, haka ake yinsa a can. A filaye irin su Eldora a jihar Ohio da Knoxville a jihar Iowa, kowannensu zagaye ne na kusan rabin mil, kuma motoci hagu kawai suke juyawa daga farkon tsere zuwa ƙarshensa. Don haka ake gina motar a karkace da gangan. Idan ta shiga kwana, nauyinta yana komawa kan tayar gaba ta dama, shi ya sa ake karkatar da kan wannan tayar ciki domin ta shimfiɗu sosai a ƙasa lokacin da jikin motar ya kwanta, a kuma karkatar da ta hagu waje saboda wannan dalilin. Ana ba dama kasta fiye da hagu, sau da yawa da digiri biyu ko fiye, domin motar ta nemi kwanar da kanta ba tare da direba ya sha wahala ba. Ana ɗan buɗe bakin tayoyin, kamar milimita 3, don gaba ya amsa da sauri. Hatta tayar baya ta dama takan fi ta hagu girma, duk don motar ta riƙa lanƙwasa hagu. Direban ma ba tafiya yake da ita a miƙe ba, jefa bayanta yake yi waje yana gyarawa da sitiyari da totur, tayoyinsa kuwa ba wanda yake sa ran su kai shekara. Ɗauko wannan a ɗora wa motar da ke ɗaukar buhunan masara a hanya mai kwana dama da hagu, kamar a yi wa mutum takalmi ne ƙafa ɗaya da dunduniya ɗaya babu, a ce ya je kasuwa.

Da Masta, wato mai garejin, ya dawo daga sayen kaya ya ji abin da ya faru, ya ba ni haƙuri sosai, ya yi wa yaron faɗa a gabana, ya kuma mayar da saitin daidai da na kamfani ba tare da ya karɓi ko sidi ɗaya ba. A nan zuciyata ta yi sanyi. Har na ji yaron ya ɗan burge ni, domin a cikin masu koyon gyaran ƙafa da na sani, kaɗan ne za su iya bayyana maka aikin kasta, balle su san inda za su murɗa don su canja ta. Motar ta miƙe, sitiyari yana dawowa tsakiya da kansa bayan kwana, a kan jar ƙasa kuma ta fi yadda take a da natsuwa. Da a nan maganar ta tsaya, da na ce ku je, ku dai tabbata Masta yana nan.

Amma ba ta tsaya a nan ba. Tayar gaba ta dama, wadda ba ta daɗe a motar ba, gefenta na ciki ya cinye har ya yi sumul a ɗan lokacin da na yi ina yawo da wancan saitin, yayin da gefen waje yake nan kamar sabo. Kowa ya san kuɗin taya irin wannan a yanzu. Bayan haka wata ƙara ta fara fitowa daga ƙasan gaba duk lokacin da na hau tudun rage gudu. Da aka ɗaga motar, sai ga robar sababbin bushin ɗin ta tsattsage. Dalilin a fili yake: an ɗaure kusoshinsu tamau tun motar tana sama tayoyi na rataye, alhali ƙa'ida ita ce a sauke ta ta zauna da nauyinta kafin a yi ɗaurin ƙarshe, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Wannan ba laifin bidiyon Amurka ba ne, sakaci ne zalla, kuma ya faru ne a ɗaurin farko, lokacin da Masta da kansa yake tsaye a wurin yana amsa waya.

Wanda zai sayi shokokin ya saya, ni ma zan sa irinsu a baya idan na baya suka gaji. Wanda zai kai mota wannan garejin kuwa, ya tsaya a kan aikinsa har a sauke ta, kuma kada ya fita sai ya ga takardar alaimen da lambobin dama da hagu sun yi kusa da juna. An sake mini bushin, amma ni na sayi kayan. Batun tayar kuma Masta ya ce mu raba kuɗin biyu, ya yi alkawarin kawo rabinsa bayan Sallah, har yanzu ban gani ba.