Zagayen kallon zanen bango a Barlin: jagoran ya ɓata rawarsa da tsalle

Na biya kuɗin wannan zagaye ne saboda kamfanin ya yi alkawarin cewa jagoransa mai zane ne shi kansa, kuma za a ratsa unguwar Kreuzberg da ƙafa kafin a tsallaka kogin Spree zuwa East Side Gallery. Kashin farko na tafiyar bai ba ni kunya ba. A gaban ɗan sama jannatin da Victor Ash ya zana a 2007, wanda ya cinye gefen bene guda da baƙin fenti, jagoran ya nuna mana inda fentin ya zurara ƙasa, sannan ya bayyana yadda masu wannan sana'a ke raba bango gida-gida kafin su faɗaɗa ƙaramin zane ya kai irin wannan girma. Ya kuma ba mu labarin manyan zane-zanen da wani mai zane da ake kira Blu ya yi a titin Cuvry, waɗanda aka shafe da baƙi a Disamban 2014 don kada masu gina gidajen tsada su yi talla da su. A lokacin har na ƙudurta cewa zan ƙara masa tukuici.

Abin ya lalace ne bayan mun haye gadar Oberbaum. East Side Gallery ragowa ce mai tsawon kilomita 1.3 ta katangar Barlin da a da ta raba birnin gida biyu, wadda masu zane 118 daga ƙasashe 21 suka ƙawata a 1990, kuma jagoran da bakinsa ya shaida mana cewa doka na kare ta a matsayin kayan tarihi, ya ƙara da cewa sai da aka sabunta zanen a 2009 saboda ruwa da rana da rubuce-rubucen baƙi sun cinye na farko. Muna tsaye a layin ɗaukar hoto gaban zanen Dmitri Vrubel, wanda ke nuna Brezhnev, shugaban Tarayyar Soviet, na sumbatar Honecker, shugaban Jamus ta Gabas, kamar yadda aka ɗauke su a hoto a 1979, sai wani matashi daga cikinmu ya zaro alƙalami mai kaurin baki ya dubi jagoran. Shi kuwa jagoran ya ɗaga kafaɗa, ya ce masa ya yi sauri, ya juya baya kamar bai gani ba. Matashin ya durƙusa ya rubuta sunansa da kwanan wata a kusurwar zanen da ke gefe, har ya zagaye shi da hoton zuciya.

Da na yi magana, amsar da na samu ita ce zanen titi dama ba ya dawwama. Wannan gaskiya ce game da bangayen lungunan Kreuzberg, inda wani ke zana a kan aikin wani kuma kowa ya san da haka, amma ba ta shafi katangar da shi kansa ya gama kiranta kayan tarihi ba, balle a ji ta daga bakin mutumin da ke cin abinci da waɗannan zane-zane.

Layin hoton ya cinye lokaci, saboda haka aka wuce da mu da sassarfa ta gaban zanen Birgit Kinder na motar Trabant mai fasa katanga da zanen Thierry Noir na kawuna masu kaurin leɓe, ba tare da bayani ko guda ba. Na rubuta wa kamfanin ƙorafi, suka aiko da godiya da tayin rangwame, ba su ko ambaci alƙalamin ba.

Wanda ke son sanin yadda ake zana bene zai ƙaru da kashin Kreuzberg. Katangar kuwa mutum na iya bin ta shi kaɗai a tsanake, tunda hanya ce miƙaƙƙiya kuma yawancin zanen na ɗauke da sunayen masu su. Tukuicin dai ban bayar ba, rangwamen nasu ma su riƙe.