Filastar nikotin da cingam ɗinsa: sun ci kuɗinsu a zafin Yamai?

Wanda ya shiga farmasi a Yamai yana neman abin da zai raba shi da sigari, abu biyu za a fi miƙo masa: filastar da ake mannawa a fata, irin su Nicopatch ko Niquitin, da cingam irin na Nicorette. Ba kowane farmasi ke ajiye su ba, wani lokaci sai an zaga. Dukansu nikotin ne zalla, wato sinadarin taba da ke sa mutum ya kasa dainawa, babu hayaƙi, babu baƙar kwaltar da ke lalata huhu, kuma tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da bai kamata a rasa ba. Hukuncinmu tun daga farko: suna aiki. Sai dai filasta ita kaɗai ba ta cika isar mai shan kwali guda a rana ba, cingam kuma da wuya ka ga wanda ya tauna shi daidai a karon farko.

Sai an san abin da taba ke yi a kai kafin a gane dalili. Zuƙa ɗaya, cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 nikotin ya isa ƙwaƙwalwa. Can yake zama a kan wasu ƙananan gurabu da ke jikin ƙwayoyin jijiya, su kuma su saki dofamin, sinadarin da ke ce wa ƙwaƙwalwa "wannan a maimaita shi". A 2006 Arthur Brody da abokan aikinsa na jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mashaya, suka ga zuƙa ɗaya ko biyu ta cike rabin gurabun, kara guda kuwa ya cike kashi 88 cikin ɗari. Wanda ya daɗe yana sha, gurabun nasa ƙaruwa suke yi. Nikotin kuma ba ya daɗewa a jini, cikin awa biyu rabinsa ya tafi. Shi ya sa mashayi ke wayar gari da gurabu wayam, karan bayan asuba ya fi kowane daɗi. Wani binciken na jami'ar Yale a 2009 ya nuna sai an yi sati 6 zuwa 12 ba a sha ba kafin yawan gurabun ya koma irin na wanda bai taɓa sha ba. Wanda ya sayi kwalin filasta na sati ɗaya ya tsaya, kuɗinsa kawai ya zubar.

Filastar awa 24 kashi uku ce: miligiram 21, 14 da 7. Mai shan fiye da kara 10 a rana da 21 zai fara na sati 6, ya sauko 14 sati 2, ya ƙare da 7 sati 2. Mai shan 10 ko ƙasa da haka da 14 zai fara. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar ƙarama, don tsoro ko don sauƙin kuɗi. Alamar ta yi kaɗan ba ta ɓuya: saurin fushi, kasa zama wuri ɗaya, yunwa, kwaɗayin taba dai kamar ba a manna komai ba. In ta yi yawa kuma sai tashin zuciya, saurin bugun zuciya, jiri da ciwon kai, sai a sauko mataki ɗaya.

Inda filasta ke shan kashi a nan shi ne zufa. A Afrilu da Mayu, zafi ya haura 40, mai kabu-kabu ko lebura a kasuwar Katako zai manna da safe, kafin azahar gefenta ya ɗago, la'asar ta zame cikin riga. Dabarar ita ce a manna bayan wanka, fata ta bushe sarai, ba basilin ba man kaɗanya, a wurin da ba gashi: saman dantse, ƙirji ko kafaɗa. Kada a sa ƙasan gwiwar hannu, ruwan alwala sau biyar zai cinye ta. A danne da tafin hannu kamar daƙiƙa 20, in ana zufa sosai a bi gefunanta da filastar ciwo. Kullum a sauya wuri, kada a koma inda aka manna sai bayan sati, in ba haka ba fata ta yi ja ta dinga ƙaiƙayi. Zafi kuma yana ƙara saurin shigar nikotin jini, don haka jirin tsakar rana ba lallai rana ce kaɗai ba. Kwalin ma ba ya son zafi, yawancinsu ƙasa da 25 aka rubuta a ajiye su, abin da aljihun mota ko ɗakin kwano ba za su taɓa bayarwa ba. Wanda filasta ke hana barci ko take sa shi mafarkai barkatai ya cire ta in zai kwanta, amma ya san kwaɗayin asuba zai fi ƙarfi.

Babban rauninta dai shi ne sanyin jiki. Awanni take ɗauka kafin ta kai ƙarfinta a jini, tana riƙe mutum daidai wa daida amma ba ta amsa kiran gaggawa. Kiran gaggawar kuwa a fada yake. An aza buta a gawayi, an miƙo kofin farko mai ɗaci, na kusa da kai ya ƙyasta ashana. Ƙwaƙwalwa ta yi shekaru tana haɗa wannan zama da zuwan nikotin, har ta kai dofamin na motsawa tun daga ganin alamar, kafin taba ta taɓa leɓe. Irin wannan kwaɗayi yakan taso ya lafa cikin ƴan mintuna, kuma nan ne cingam ke da amfani.

Cingam miligiram 2 ne da 4. Wanda ke kunna karan farko cikin minti 30 da tashi barci, na 4 ne nasa in cingam kaɗai zai yi amfani da shi. In tare da filasta ne na 2 yakan wadatar. Ba a tauna shi kamar cingam ɗin yara. A tauna a hankali har a ji yaji-yaji a baki, a tura shi tsakanin kunci da dasashi a bar shi, in yajin ya tafi a sake taunawa, haka har kusan minti 30. Ta fatar cikin baki nikotin ke shiga. Wanda ya tauna da sauri ya haɗiye yawun, cikinsa ya tura nikotin ɗin: shaƙuwa, ƙwarnafi, tashin zuciya, ga kwaɗayi na nan daram. Abu mai tsami a baki kuma yana hana shi shiga, don haka ba bisap, ba ruwan tsamiya, ba lemo, ba kofi minti 15 kafin a tauna da kuma lokacin taunawa. Ɗanɗanonsa ba daɗi, wannan gaskiya ce, kuma yana maƙalewa a haƙoran roba. Da azumi ba shi da wurin shiga da rana, sai filasta.

Alƙaluma ba sa ruɗin kowa. Bitar da ƙungiyar Cochrane mai tace binciken lafiya ta yi a 2018 kan gwaje-gwaje sama da 130 da mutum fiye da 64,000 ta nuna cikin mutum 100 da ba su sami maganin ba, kusan 10 ne ke kai wata 6 ba su koma ba. Da maganin, kusan 16. Haɗa filasta da cingam yana ƙara damar dainawa da kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan amfani da guda. Ba tsafi ba ne, amma bambancin na gaske ne. Wanda ya zame ya sha kara ɗaya da filasta a jiki kada ya ɓalle ta don tsoro, ɓallewar ce ke mayar da mutum ga kwalin sigari.

Abu biyu ne masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Na farko shayi. Hayaƙin taba yana sa hanta ta ƙone kafeyin, sinadarin da ke cikin shayi da goro, da sauri. Da an daina, shayi da goron da aka saba sai su yi ƙarfi fiye da da, a kasa barci, hannu na rawa, a ɗora laifin a kan filasta. A rage su kusan rabi. Haka wasu magunguna suke taruwa a jini, kamar teyofilin na asma da olanzafin da kolozafin na masu taɓin hankali, dole likita ya sake duba ƙimarsu.

Na biyu ci. Nikotin yana taɓa ƙwayoyin da ke sanar da ƙoshi a gindin ƙwaƙwalwa, aikin da masu bincike na Yale suka nuna a jikin ɓeraye a 2011. Bayan shekara da dainawa, matsakaicin ƙarin nauyi kilo 4 zuwa 5 ne, mafi yawansa a wata ukun farko. Cingam da filasta jinkirta shi suke yi, ba hana shi ba. Ga mafi yawan mutane wannan ƙaramin abu ne, amma wadda dama take shan taba don kashe yunwa, ko take cika ciki ta je ta amayar, kada ta fara ita kaɗai ba tare da likita ba. Irin ta kuma, da mai farfaɗiya, da mai shan taramol, kada a karɓi ƙwayar daina taba ta bupuropiyon da ake sayarwa da sunan Zyban a madadin filasta, domin tana iya jawo musu jijjiga. Mai ciki da wanda bai daɗe da samun bugun zuciya mai tsanani ba su ma sai da izinin likita.

Filastar da aka cire har yanzu da sauran nikotin a jikinta, wanda ya isa ya jigata ɗan yaye in ya tsotsa. A naɗe ta gida biyu, gefen ɗanko ya haɗu da ɗan'uwansa, a mayar cikin takardarta, a jefa inda yara da awaki ba sa kaiwa.