Kirim ko Ruwan Ƙasa Mai Haske: Wanne Ya Dace da Falo a Gombe?

A kan katin launukan fenti da mai shago zai miƙo maka, kirim da ruwan ƙasa mai haske kamar Hassan da Husaini suke. Sai sun hau bango ake gane kowa.

Ni dai ruwan ƙasa nake ba mutane shawara, dalilina kuwa ƙura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ko ka kulle tagogi sai hazo ya shigo ya kwanta a bango, balle gidan da ke bakin hanyar da ba kwalta a Tumfure ko Pantami. Launin da dama ya yi kusa da na ƙurar yakan rufa mata asiri. Shatin hannun yara a gefen makunnin wuta, da maiƙon da ke fitowa inda ake jingina kai, duk ba sa nunawa da wuri. Da daddare kuma, ko farin ƙwai ka kunna ɗakin ba ya yin fayau, ga shi yana karɓar jar darduma da labule ruwan goro. Idan taga ƙarama ce zai ɗan rage haske, sai a bar silin fari tas.

Kirim yana haskaka ɗaki, amma hunturu ɗaya ya ishe shi ya dafe.

Duk wannan idan fentin na gaske ne. An taɓa sayar mini da bokitin lita 20 mai sunan babban kamfani, ashe ruwa da alli aka ɗura a ciki. Bayan ya bushe, duk wanda ya jingina sai rigarsa ta kwaso fari. Saboda haka duba murfi da kyau, in ka ga alamar an taɓa ɓalle shi, ajiye. Juya da sanda: na kirki yana da kauri har ƙasa, jabu kuwa ruwa ne a sama, guda-guda a gindi. Shafa kaɗan a bango, bari ya kwana, ka goga da tafin hannu. Ka sayi duk abin da kake buƙata lokaci guda mai lambar haɗi ɗaya a jikin bokiti, don haɗi biyu ba sa zuwa daidai. Ka kuma tsaya a kai sa'ad da mai fenti ke sirkawa, domin wasu na cika ruwa su karkatar da ragowar.

In filasta sabuwa ce, a ba ta kamar mako 4 ta bushe, in ba haka ba ko mai tsada sai ya ɓare.