Lauyan da ya karɓo mana kuɗin asibiti daga inshora, yabo da ɗan ƙorafi

Tauraro huɗu zan ba ofishin nan cikin biyar, ɗayan da na riƙe na rashin ɗaga waya ne, zan zo kansa.

Mota aka daka mana ta baya a titin Zariya muna tsaye a danja, wani bawan Allah da Sienna ya ce birki ne ya ƙi. Bamba ta sauka, but ya lotsa, ni ban ji komai ba amma maiɗakina da ke baya washegari ta tashi wuyanta ba ya juyuwa, ko sallamar salla sai ta juya da kafaɗa gaba ɗaya. A wajen kuwa kun san halinmu, kafin ka fito daga mota dattawa sun taru, Alhaji a yi haƙuri tsautsayi ne, a je wajen mai gyara ya biya shikenan. Kowa ƙarfe yake kallo ba mai tambayar mutanen ciki.

Wani abokin aiki ne ya haɗa ni da Barista ɗin. Ofis ne ƙarami a saman bene, fanka ɗaya, fayil har ƙasa, kar ka je da tsammanin ganin gilasai. Abin da ya fara burge ni bai ce a tafi kotu ba. Hoton takardar inshorar mai Sienna ya karɓa, ya buga lambar motar a shafin NIID, inda ake duba ingancin inshorar mota, muna zaune, ta fito tana nan da ranta. Ya ce Malam ka yi sa'a, da yawa takardar da ake haɗa wa mutane wajen sabunta takardun mota ta bogi ce, in ta zama haka ba kamfanin da zai saurare ka sai dai ka bi mai motar da kansa.

Shi ya fahimtar da ni inshorar nan ta dole da hukumar kula da inshora NAICOM ta ɗaga daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ashe ba don a nuna wa ɗan sanda a hanya kawai aka yi ta ba, tana biyan ɓarnar dukiyar wanda aka buge har naira miliyan 3 in motar gida ce, kuma rauni a jikin mutum lissafinsa daban ne da na gyaran mota. Wanda ya buga ta baya kuma galibi shi ake ɗora wa laifi tunda shi ya kamata ya bar tazara.

Aikin gaske a takardu yake, nan ne na ga amfaninsa. Rahoton 'yan sandan MTD masu kula da haɗarin mota da zanen yadda motocin suka tsaya, hotunan da na ɗauka a wajen da lambar motar ta fito raɗau, rahoton likita mai sa hannu da hatimi ba katin asibiti kawai ba, hoton ƙashi da muka yi a asibitin ƙashi na Dala, rasit na kwalar wuya, rasit na magani, rasit na kowane zuwa gashin ƙashi. Yarinyar ofishinsa ta jera su bisa kwanan wata ta manna ƙananan a farar takarda ta yi fotokwafi tunda rasit ɗin kemis rubutunsa gogewa yake. Surukata ta so a kai ta wajen mai ɗori, Barista ya ce Hajiya a yi haƙuri a tsaya a asibiti tukuna, mai ɗori ba ya ba da takarda kuma inshora ba ta san baki ba. Ya kuma hana ni sa hannu a wata takardar sulhu da 'yan'uwan mai motar suka kawo da kuɗin bamba, wai ba ni da sauran magana, alhali ana tsakiyar magani.

To ƙorafina. Kamfanin inshorar ya ja ƙafa sosai, yau a kawo kaza gobe mai sa hannu ya yi tafiya, wannan ba laifin Barista ba ne amma a lokacin ne nake buƙatar a riƙa ce min ga inda ake, shi kuwa ka kira ba ya ɗagawa, saƙon WhatsApp sai ya kwana ya wuni. Sannan kasonsa da baki muka yi, sai da na matsa aka rubuta, duk mai zuwa ya nemi a rubuta tun ranar farko har da wa zai biya kuɗin rahoton likita.

Tayin farko da 'yan inshorar suka yi gyaran mota kawai ya rufe, Barista ya mayar musu da wasiƙa da rasit ɗin gashin, na biyu ya haɗa da asibiti duka. Kuɗin wahala da zirga-zirga ba a ba mu ba, ya ce sai an shiga kotu, maiɗakina ta ce a bar shi haka ta gaji.