Kwaɓin kankare: 1:2:4 ko 1:3:6, wanne ya kamata ka biya kuɗinsa?

Jama'a masu shirin zuba dekin ko fila, kafin ku tura kuɗin siminti ku tsaya mu yi maganar kwaɓi tukuna, don yawancinmu farashin buhu kawai muke tambaya sai mu bar wa birkila sauran, alhali abin da za a zuba a kan buhun nan shi ne zai nuna ko kankare ka saya ko kuwa ƙasa ce mai launin toka.

Lambobin nan da kake ji ba wani sirri ba ne, na farko siminti, na biyu yashi, na uku dutse. A wajen aiki da kwano ake awo, buhun siminti mai kilo 50 kusan kwano 2 ne, to 1:2:4 kenan buhu ɗaya, kwano 4 na yashi, kwano 8 na dutse. In da baro ake yi, baro ɗaya na yashi biyu na dutse, amma fa baro a shafe, ba wanda aka yi wa tozo ba.

Ni dai 1:2:4 ne nawa, kuma ba na ɓoyewa. Gidan zama na talaka, fila da linta da bim da dekin na bene hawa ɗaya, shi aka saba zubawa kuma yana riƙewa in an yi shi da gaskiya. Abin da ya sa nake sonsa shi ne simintin ya isa ya lulluɓe kowace ƙwayar yashi, yashin kuma ya isa ya cike ramukan da ke tsakanin duwatsu, don haka idan aka cire katako sai ka ga jikin fila sumul ba ramuka, rodi ya ɓuya ruf a ciki ruwa ba zai same shi ya yi tsatsa ba. Sannan lissafinsa ba ya ba da wahala, ko yaron da ka aika ya tsaya maka zai iya ƙirga huɗu da takwas. Kowace kubik mita ta kankare, wato mita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, tana cin buhu 6 da ɗan ɗoriya. Mu ɗauka dekin ɗinka mita 10 ne da mita 12, kaurinsa inci 6 wato santimita 15, kubik 18 kenan, sai ka shirya buhu wajen 113 ban da bim da matakala. Kuma ka sani kubik ɗaya na kankare nauyinsa ya kai kilo 2,400, wato sama da tan 40 ne za ka ɗora a saman kan iyalinka su kwana a ƙarƙashi, shi ya sa in na ji mutum yana cinikin rage buhu goma a dekin nake rasa abin cewa.

1:3:6 na shimfiɗar ƙasan fandisho ne da daɓen tsakar gida, a nan ba shi da laifi, amma duk wanda ya ce zai hau da shi sama ka sallame shi. 1:1.5:3 kuma yana cin buhu 8 a kubik, na tankin ruwa ne da manyan benaye, in injiniya ya rubuta shi a zane ka bi kawai ba musu, in bai rubuta ba kar ka ƙona kuɗinka. Kankaren kamfani da ake kawowa a motar nan mai juyawa yana da kyau, sai dai a Abuja da Legas ya fi samuwa, kuma motar ma ba za ta shiga lungunmu ba.

Amma ka lura da wannan lissafin, a dekin ɗin can na kubik 18, in aka yi maka 1:3:6 buhu 80 ma ya isa. Bambancin ya haura buhu 30. To wanda ka ba kwangilar aikin gaba ɗaya har da kayan aiki, ya karɓi kuɗin 1:2:4, me kake zaton shaiɗan zai raɗa masa? Ba zai ce maka ya canza awo ba, kwanon yashi ne kawai zai tashi daga huɗu ya koma shida da tozo, na dutse kuma daga takwas ya koma sha biyu.

Siminti kuwa ka juya buhun ka karanta lamba, akwai 32.5 akwai 42.5, lambar ƙarfinsa ce bayan kwana 28, harafin R a gaba yana nufin mai saurin kamawa, N kuma na daidai. A 2014 an sha cece-kuce sosai da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta ce 32.5 a bar shi wa filasta, 42.5 shi ne na sauran gini. Ko me aka ƙare a kai, ni a dekin da fila 42.5 nake saye. Sunan kamfani bai dame ni ba, Dangote ne daga Obajana, BUA ne daga Kalambaina ta Sakkwato, ko Ashaka ta Gombe, lambar nake dubawa da kuma yaushe aka yi shi, don simintin da ya haura wata uku a ajiye ya fara rage ƙarfi, balle in a ƙasa aka jibge shi da damina.

Dutse, na kwari wanda inji ya fasa mai girman inci 3/4 shi ne zaɓina saboda kaifin gefensa yana kama siminti. Tsakuwar rafi mai santsi ta fi araha, kuma a wurare irin Maiduguri da Sakkwato inda dutse ke da nisa dole wani lokaci a yi da ita, to a tankaɗe a wanke. Jar tsakuwar nan mai haɗe da marmara kuwa ka bar ta wa cikon hanya.

Yanzu ga inda ni aka taɓa ƙona ni, yashi. Wani mai tifa ya kawo min lodi da sunan yashin rafi, sama-sama garas-garas mai kaifi, ashe a ƙasa yashin kwata ne mai laka ya fara lodawa sannan ya rufe da mai kyau, kuma da magariba ya juye. Filolin da aka zuba da shi in ka goga yatsa sai gari ya biyo ka, sai da aka farfasa su aka sake, kuɗin rodi da katako da lebura duk a kaina. Laka tana manne wa yashi ta hana siminti kama shi, ko ka zuba 1:1.5:3 ba zai cece ka ba. Don haka ko daga Challawa aka ce maka an ɗebo ko daga Wudil, kar ka yarda da baki, ka sa shebur can cikin tsibin ka ɗebo, ka damƙa a hannu, in ya dunƙule ya bar maka shaida a tafi akwai laka. Ko ka zuba a kwalba kamar santimita 10, ka cika da ruwa da ɗan gishiri, ka girgiza ka ajiye awa 3, lakar za ta kwanta a saman yashin, in ta doshi santimita ɗaya ka ce ya kwashe abinsa. Kuma a riƙa juyewa da rana kana tsaye, ka leƙa bayan motar ma, don wasu a gaba suke tara lodin ya yi tsini baya kuwa rabi ne.

Ha'incin siminti ma ba a magana. Akwai masu zura bututu a bakin buhu su tsiyaye mudu ɗaya ko biyu daga kowanne, daga buhu ashirin sun haɗa wani sabo, akwai masu daka wanda ya daskare su tankaɗe su sake ɗurawa a buhun kamfani. Ka ari sikelin masu hatsi ka ɗora buhu biyar da ka zaɓa da kanka, ka duba bakin buhun ko an taɓa shi, ka sa hannu ciki ka ji, mai kyau laushi gare shi ba gudaji. In dila ya karya maka farashi ƙasa da na kowa a layin, ka tambayi kanka a ina zai fanshe. Sannan ranar zubi ka sa wa kowane buhu alama da fenti kafin a fara, don tsohuwar dabarar ƙirga buhunan da aka zazzage ta daina aiki, ana zuwa da wofin buhu daga wani wajen a cika maka lissafi, naka cikakku kuwa sun bi ta bayan katanga.

Sai ruwa, wanda shi ba a sayensa da tsada amma ya fi komai kashe kankare. Buhu ɗaya jarka ɗaya mai lita 25, in yashin jiƙaƙƙe ne ma a rage, don jiƙaƙƙen yashi da ruwansa yake zuwa kuma yana kumbura a kwano har kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Leburori sun fi son kwaɓi ya yi ruwa tsululu kamar koko saboda ya fi sauƙin ɗiba da bajewa, da safe za su bi awonka, rana na take sai ka ji ana "Alhaji a ƙara ruwa, ya yi tauri ba ya shiga rodi", kuma wallahi ba mugunta ba ce gajiya ce, amma ruwan nan da ya yi yawa in ya bushe ƙananan ramuka yake bari a ciki, nan ne dekin ke fara yoyo shekara biyu ba a yi ba. Maganin tauri shi ne injin girgiza kankare, ka yi hayarsa tare da injin kwaɓi, kwaɓin hannu a ƙasa ka bar shi wa linta da ƙananan aiki. Tiyo kuwa kar ya kusanci injin, da jarka za a auna.

In bene ya wuce hawa ɗaya, ka bar maganar kwano ka nemi injiniya mai rajistar COREN, wato hukumar da ke kula da aikin injiniyoyi, shi zai sa a cika 'yan akwatuna masu santimita 15 da kankaren a kai a matse a kwana 7 da kwana 28 a ga ainihin ƙarfinsa. Ko da hawa ɗaya ne kuma, bayan zubi a yi ta ba shi ruwa safe da yamma aƙalla kwana 7, a zafin Maris da Afrilu ko lokacin hunturu a rufe da jiƙaƙƙun buhunan algarara don iska na shanye ruwan kafin simintin ya gama kamawa. Shi ma mai ban ruwan a sa masa ido, da yawa sai sun hango motar mai gida suke jawo tiyo.