Kwale-kwalen gado da aka yi wa rigar faiba, bayan damina guda

Gonata tana ƙetaren kogin Galma, gaba da Dakace, a wajen Zariya. Da rani mutum ya naɗe wando ya tsallaka abinsa, amma daga Yuli zuwa ƙarshen Satumba sai da jirgi, in ba haka ba ka zagaya ta gadar titin Jos, kuɗin mashin ya cinye ribar abin da ka je kwasowa. Kwale-kwalen da nake shiga gado ne, na katakon maɗaci, mahaifinmu ya saye shi tun ina firamare. Ya sha faci har ba a gane asalin fatarsa: nan kwano da ƙusa, can tsumma da kwalta. A ƙarshe sai da ya zama duk fita da yaro guda wanda ba shi da aiki sai kwarfe ruwa da gwangwanin madara.

Wani masunci ne ya yi mini kwatancen wani dattijo a Sabon Gari, bayan 'yan katako. Ba allo, ba suna a ƙofa, rumfa ce ta kwano cike da fasassun tankunan ruwa da bambar motoci, don gyaran faiba, wato ƙyallen zaren gilashi da ake shafe wa da gam ya yi tauri, shi ne abincinsa. Jirgi kuwa a Yawuri ya koye shi, inda ya yi shekaru cikin Sarkawa kafin ya dawo gida.

Abin da ya fara sa na yarda da shi, ƙin karɓar kuɗina da ya yi. A watan Oktoba na ɗauke shi muka je bakin ruwa, ya zagaya jirgin, ya soka tsinin wuƙa a gindinsa, ruwa ya tsattsafo. Ya ce, "Malam, itacen nan ya ƙoshi da ruwa. In na rufe shi yanzu, ruɓa na lulluɓe maka. Kife shi a kan duwatsu, ka bar hunturu ya sha shi, ka neme ni." Haka aka yi. Sai tsakiyar Janairu ya sa hannu.

Aikin da ya fi cin lokaci ba shafawar ba ce, kankarewa ce. Ruwan gam ɗin da suke kira rezin ba ya kama kwalta, don haka sai da yaransa biyu suka yi kwana huɗu suna ɓanɓare facin shekara da shekaru, suka cire kwanukan, suka bi da sanfefa har jan maɗacin ya fito. Ya sauya katako biyu da suka mutu, ya cike ramukan ƙusa da garin katako kwaɓe da rezin.

Ranar shafawa na zauna na kalla. Ba ya kwaɓa da yawa, rabin gwangwani kawai, sai ya ɗauko sirinji ya ɗiga maganin da ke sa shi daskarewa, yana ƙirga ɗigon a bakinsa kamar mai jan carbi. In ya yi kaɗan, gam ɗin ya kwana yana danƙo, in ya yi yawa, ya sandare tun buroshi na hannunka. Ya miƙo mini gwangwanin da ya rage, na ji yana ɗumi a tafin hannuna, kafin a jima ya zama dutse. Sai ya shimfiɗa farin ƙyallen faiba, ya bi shi da buroshi yana dannawa, ba ja ba, har farin ya ɓace ana hango katako ta ciki. Duk inda ya ga ɗigon fari ya san iska ce ta maƙale, sai ya murje ta da ƙaramar rola ta ƙarfe. Shimfiɗa biyu ya yi a jiki, uku a gindi inda jirgi ke gogar yashi. Cikin kuwa bai rufe ba, fentin mai kawai ya shafa, wai itace ya samu ta inda zai sha iska. Warin wajen sai mai haƙuri, kuma na kwana biyu ina susa don na yi gangancin jingina da ƙyallen.

Yanzu ga inda ya ɓata mini rai. Ya ce kwana 10, muka yi 26. Kullum da dalili: rezin bai iso daga Kano ba, mai tanki ya matsa, akwai suna a gida. Kuɗin ma ya motsa, mun yi ciniki a kan abin da ya kai buhun masara biyar, na ƙare a shida da ɗoriya, wai kaya sun tashi. Ban ce ƙarya ya yi ba, kowa ya san kasuwa, amma da ya kira ni kafin ya sayo, ba bayan ya shafa ba.

Abu biyu ya ƙara waɗanda ban sa shi ba, kuma su ne dalilin wannan rubutu. Ya ɗaure jarkoki 6 masu lita 25 a ƙarƙashin benci, babu komai a ciki, ya like murafansu, ya danne su da katako yadda ba za su suɓuce ba. Lissafin ba wuya: lita guda ta ruwa kilo guda ce, kowace jarka tana tallafe kusan kilo 25, shida sun ba da 150. Ba za su hana jirgi cika ba, amma za su taimaka ya tsaya a sama mutum ya samu abin riƙewa. Na biyun jan layi ne da ya zana a jikin jirgin daga kai har gindi. Ya ce, "Ranar da ruwa ya taɓa layin nan, ko uwarka ce ke bakin gaɓa, ta jira sawu na biyu." Na yi dariya, shi bai yi ba. Ya tuna mini Bagwai, Nuwamban 2021, jirgin da ya kife a dam ɗin Watari, mutum fiye da 20 suka rasu, yawancinsu yara 'yan Islamiyya. Lodi ne ya yi yawa.

Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a jami'ar Ahmadu Bello ya raka ni ranar ɗauko jirgin. Ya duƙa ya leƙa jarkokin ya ce, "Kawu, ka san a Turai irin wannan dabarar kyauta ake ba mutum a kanta?" Ya ba mu labarin baje kolin kayan jiragen ruwa da ake yi a Amstadam ta ƙasar Holan duk watan Nuwamba, METSTRADE, da lambar yabon da ake bayarwa a can tun 1991, DAME, inda alƙalai ke duba sabbin kayan da aka ƙirƙiro, har da na tashoshin ajiye jirage da na wuraren ƙira da gyara. Dattijon ya saurara yana goge hannu da tsumma, ya ce, "To yaro, in ka je ka gaishe su. Ni dai kawunka ya cika mini ragowar kuɗina." Ni kam na ga yaron bai yi ƙarya ba. Masu ba da lambar nan abin da suke nema shi ne wanda ya ga matsala ya yi mata maganin da za a iya amfani da shi, kuma a Galma jarkar man gyaɗa ita ce abin da hannu zai kai.

Damina ta zo ta wuce. Gwangwanin madara ya yi ritaya, sai in an yi ruwan sama a kwashe na ciki. Jirgin ya fi santsi a ruwa, gora ɗaya ta ishe shi inda da sai an haɗa da filafili, amma jarkokin sun ci wurin buhu kusan biyu. A watan Agusta na ga faibar ta ɗaga ta baya, faɗin tafin hannu, in ka ƙwanƙwasa tana amsawa kamar ganga. Daidai wurin da kwalta ta fi shiga katakon ne. Da na gaya masa bai yi musu ba, ya ce irin rezin ɗin da ya sa mai sauƙin kuɗi ne, ba ya riƙe itace kamar mai tsadar da ake kira ifokzi, kuma tun farko ya faɗa mini, ni na zaɓa. Gaskiyarsa. Ya ce in sake kife shi da hunturu, zai yanke wurin ya sake, ba ko sisi.

Wanda ke da tsohon jirgi mai sauran ƙwari, ya kai masa, amma ya je da wuri, ya rubuta farashi a takarda, ya kuma ninka kwanakin da aka ce masa. Wanda katakonsa ya riga ya zama gari, kada ya ɓata kuɗinsa. Jan layin kuwa ya riga ya haɗa ni da maƙwabcin gonata, da na sauke masa buhun barkono biyu a bakin gaɓa ranar kasuwa. Har yau gaisuwarmu a tsaye take.