Dashen bayan gida da aka yi min saboda gyambon hanji

Ni dai kusan shekara huɗu na yi ina fama da gudawa mai jini da majina, a nan ƙauyenmu wajen Ringim kowa cewa yake atini ne ko basir, filajil kam na sha har bakina ya koma ɗanɗanon ƙarfe, sassaƙe kuwa babu irin wanda Inna ba ta jiƙa min ba. Abin da ya fi ci min rai sallah ce wallahi, ranar Juma'a sai na nemi sahun ƙarshe kusa da ƙofa da butata a gefe, don in cikin ya murɗa ba ya jira.

Sai da Yaya ya kai ni Kano aka zura min kamara ta ƙasa sannan likita ya ce gyambon babban hanji ne, alsaretif kolaitis, garkuwar jikina ce da kanta take taɓa bangon hanjin. Aka ɗora ni kan mesalazin da firednisolon, yana lafawa amma da an rage sai ya dawo, ga fuska ta kumbura.

A Indiya aka yi min dashen, bayan mun sayar da shanun huɗarmu biyu Yaya ya cika sauran. Da aka min bayani na ce sam, kashin wani a cikina? Har waya na yi wa Malam, ya ce min Malam Sani lalura ce, je ka yi. Yadda abin yake, mutum mai lafiya ake samu a gwada jininsa da bayan gidansa, ƙanjamau, ciwon hanta, tsutsar ciki duk a duba, sai a dama da ruwan gishirin asibiti a tace a zuba can cikin hanjinka don bakteriya masu amfani su samu wurin zama. Daren da za a yi an ba ni ruwan wanke ciki na kwana ina zarya, wannan ma ya fi dashen wuya, shi dashen ina barci aka yi, na farka da kumburin ciki da iska kawai. Kuma ba sau ɗaya ake yi ba, sai da aka maimaita.

Likitan bai ɓoye min komai ba, shi ya sa nake ganin girmansa. Ya ce inda dashen ya tabbata sosai shi ne gudawar wata ƙwayar cuta da ake kira C. difficile, har Amurka ta amince da shi a 2022, amma a ciwona har yanzu bincike ake, gwajin da aka yi a Ostareliya a 2017 kashi 27 cikin ɗari ne ciwon ya kwanta musu. Gaskiya da na san wannan tun a gida da sai na yi dogon tunani kafin a taɓa shanun nan.

Alhamdulillahi wajen sati shida jinin ya tsaya, daminar bana ni na yi noman gerona. Amma ban warke ba fa, mesalazin ina nan ina sha kullum, watan jiya ma na ɗan ga majina.

Wani maƙwabcinmu ya zo wai in koya masa ya yi wa ɗansa a gida, na ce Baba don Allah kar ka soma, a 2019 wani ya rasu a Amurka saboda ƙwayar da ba ta jin magani da ta bi ta dashen, a asibiti ma ke nan. Na ba shi lambar katina na Kano, ran Talata in zan koma ganin likita tare za mu tafi da yaron.